Gonar Cikin Waya

Damina ce, amma irin wadda ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, muka yi murna muka shuka, sai ya ɗauke kusan sati uku. Masara ta fito ta tsaya tana murɗe ganye da rana tsaka. Hadari yakan haɗu ta gabas har iska ta fara buga ƙyauren ɗaki, mu kwashe shanya da gudu, mu jera bokitai a bakin indararo, sannan ya watse kamar an kira shi wani gari. Ni ba mai yawan magana ba ce, a gidanmu ma an san ni da haƙuri. Amma a shekarar nan ko tsintsiya na ɗauka sai in ajiye ban gama sharar ba, in tsaya tsakar gida in ɗaga kai.

Ina da gayauna a bayan gari, nan Maska, wadda maigidana ya yanka mini tun da yara suka girma na samu hannu. Rabinta tudu ne, rabin ya gangara wajen rafi. Masarar da nake nomawa a nan ita ke riƙe gidan daga lokacin da rumbu ya yi ƙasa har dawa ta nuna, don maigidan ƙafarsa ba ta barinsa noma kamar da. In masarar ta yi, ba ma kallon hannun kowa. In ba ta yi ba sai a fara awo, kuma awo a gidan da ke da gona abu ne da ake shigowa da shi a ƙarƙashin mayafi.

Akwai wata ƙungiya mai ofis a Funtua da ke ba mu iri, mu mata goma sha ɗaya, tana kuma turo mana malamar gona. Ba ta kai ɗiyata ta biyu shekaru ba, amma Malama muke ce mata, ita kuma ta ce mini Mama. Duk sati biyu takan zo a farar motar ofis, direba a gaba, ita kaɗai a baya, sauran kujerun ba kowa. Yau Maska, gobe Gozaki, jibi Mahuta, kullum a koma Funtua a kwana. Ranar zuwanta mukan share ƙarƙashin mangwaro, mu shimfiɗa tabarma, a dama fura. Ita kuwa da ta gama gaisuwa sai ta cire takalmin ofis ta zura na roba, ta ce a rufe furar sai ta dawo. Tana da wani hali kuma: duk inda kika nuna mata da hannu, ba nan za ta bi ba. Kina cewa ga wajen rafi ya yi kyau, ita ta riga ta nufi lungun da kika juya wa baya. Ta tsuguna, ta buɗe ganye, ta murza ƙasa a tafin hannu. Mukan yi mata dariya mu ce hancinta yana jin warin matsala. Ban taɓa tsayawa na lura cewa ba bakinmu ne ke gaya mata halin gona ba, ƙafarta ce.

Bayan mun yi noman farko ta zo, ta zagaya gonakin kamar kullum, sannan ta zauna ta sha furar har ƙasa, abin da ba ta saba ba. Daga nan ta ce tana da magana. Ofis ya rage tafiye-tafiye. Daga yanzu sau ɗaya za ta riƙa zuwa a wata, kuma ba ita kaɗai ba, mota guda za ta kwaso su har da mai duba kaji da mai raba iri, su zagaya garuruwan tare. Ta ce hayaƙin da ke fita ta bayan mota ba ɓacewa yake yi don mun daina ganinsa ba. Sama yake hawa ya haɗu da na sauran duniya, ya zama kamar bargon da aka lulluɓa wa ƙasa, zafi ya shiga ya kasa fita, kuma yana cikin abin da ke rikita damina.

Tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta ajiye ludayi.

"To Malama, motar nan taki guda ɗaya ita ta kore mana hadari? Tirelolin da ke jere a Funtua fa, su an ba su hutu?"

Malama ta yi dariya ta ce ba wanda ya ce tata ce kaɗai. Motocin ofis da yawa ne, kowace ta fita da mutum ɗaya ta dawo da mutum ɗaya, kuma har manyansu da ke hawa jirgi don taron awa biyu an ce su zauna gaban kwamfuta su yi. Gwaggo ta tambaye ta ko dai tsadar mai ce da tsoron hanya aka ɗinka wa riga aka sa mata suna hayaƙi. Malama ba ta musa ba. Ta ce man ma yana ciki, amma maganar hayaƙin gaskiya ce.

Tsakanin zuwa da zuwa, ta ce, sai a riƙa tura mata hotunan gonaki duk ranar Litinin, ta duba ta ba da shawara ta waya. Aka rasa wadda za ta riƙe aikin sai ni, saboda na yi ajin yaƙi da jahilci ina iya karanta saƙo in rubuta, ko da a hankali ne, kuma babbar ɗiyata da ke aure a Funtua ta ba ni tsohuwar babbar wayarta. Malama ta nuna mini inda ake dannawa har sau uku. Da motar ta tashi na tsaya ina kallon bayanta, na ga ɗan hayaƙin da ta bari a hanya, ban ga abin da zai kai sama a cikinsa ba.

Litinin ɗin farko na ɗauki abin kamar baƙo ne zai shigo gida. Na gangara wajen rafi inda masara ta yi kore shar, na cire ciyawa a kunya uku, na jira rana ta ɗan ɗaga. Akwai wani ganye da na ga ya huhhuje, sai na tsinke shi na cusa a haɓar zane don kada ya ɓata hoton. Sauran matan ma haka. Gwaggo ta yafa mayafinta na biki ta tsaya gaban kunyoyinta mafi kyau, ta rufe rabin masarar da jikinta. Wata cewa ta yi in ɗauki gonar mijinta a madadin tata, wai tata ba ta shirya ba. Ba wadda ta ce da wata a yi haka. Kowa dai ta san yadda ake karɓar baƙo.

Na hau tudun da ke kusa da firamare, inda sabis ke kamawa, na tura. Malama ta aiko da saƙon murya tana tambaya, Mama ya gona? Na amsa yadda ake amsawa: lafiya lau, alhamdulillahi. Bayan kwana biyu ta sake aikowa, muryarta cike da murna. Ta ce ta nuna hotunanmu a taron ofis, manya sun ji daɗi, sun ce matan Maska sun nuna sabon tsarin zai yiwu.

Alhali ni na san abin da ke kan tudu. Ganyen da na cusa a zane ba shi kaɗai ba ne. A can sama ganyaye sun fara fitowa da ramuka a jere kamar an bi su da allura, a cikin zuciyar masarar kuma, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, akwai wani abu kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Na ce wa kaina fara ce, in ruwa ya dawo zai wanke. Litinin ta biyu na sake gangarawa rafi, sai dai na matsa ƙasa da kunya biyar. Ta uku sai da na tsaya daf da ruwa kafin in sami wurin da ya cancanci hoto.

A kwanakin nan sau biyu nake zuwa gona, da safe da la'asar, ba don ina yin wani abu ba, sai dai in tsaya in duba inda ramukan suka kai in dawo. Na sa gishiri sau biyu a miya. Na fara tankaɗe na bar rariya a kan turmi har kaji suka hau. Wata rana da hantsi maigidan ya karɓi wayar, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon hotunan. Tun da safe ya ɗingisa ya je gonar, na sani don na ga laka a sandarsa.

"Wannan gonar ta cikin waya ta wane mai sa'a ce?" ya ce. "Ki tambaya mini ko zai ba mu aro."

Ya miƙo mini wayar. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na sha tambayar kaina me ya riƙe mini hannu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ko ba komai a tukunya, in baƙo ya yi sallama takan ɗora ta a murhu ta hura wuta don a ga hayaƙi yana tashi a gidan. A haka na girma. Wanda ya shigo da ƙafarsa ya ga abin da ya gani, wannan tsakaninsa da idonsa ne, kuma mai hankali ne zai yi kamar bai gani ba ko ya taimaka a asirce. Amma ki ɗauki lalacewarki da hannunki ki aika wa mutanen da ba ki sani ba su haska ta a bango, wannan ban san yadda ake yinsa ba. Ga kuma Malama da ta riga ta yi alfahari da mu a gaban manyanta. Akwai kuma abin da sai yanzu nake iya faɗa: ina jin haushinta. A raina ina cewa in tana son ta sani, ai ta san hanya.

Ranar da na buɗe zuciyar wata masara kusa da rafi na ga tsutsar da kanta, ƙatuwa kamar ɗan yatsana, ta naɗe tana ci, na san ba sauran inda zan matsa. Motar ofis kuwa saura kwana tara ta zo. Na yanke shawara in je Funtua in gaya wa Malama baki da baki, don a wurinmu labari mara daɗi ba a aika shi, kai shi ake yi. Na tsinci tsutsa huɗu da ganye biyu na sa a gwangwanin madara, na rufe da leda na ɗaure.

Washegari da hantsi ina tasha. Motar da na samu mutum uku ne a ciki, sai muka zauna jiran ta cika. Muka jira mai buhun barkono, muka jira wata mai goyo, muka jira wani dattijo da kajinsa biyu, sai da direba ya ga ko allura ba za ta shiga ba sannan ya tayar. Ina matse a jikin ƙofa na tuna da farar motar Malama da kujerunta da ba kowa. Na ce ashe abin da ofis ya gano bana, mu da shi aka haife mu: mota ba ta tashi sai ta cika.

A shigar Funtua muka maƙale bayan wata tirela. Duk lokacin da ta ja gaba sai ta feso mana baƙin hayaƙi ta taga, mai goyon nan ta rufe fuskar jaririnta da mayafi, dattijon ya yi ta tari yana tsine wa mai tirelar a hankali. Na bi hayaƙin da ido. Ya hau saman shaguna, ya wuce wayoyin lantarki, ya yi ta shuɗewa har na daina ganinsa. Ban yi karatun da zan san ko shi ke kore mana hadari ba. Amma na ji shi a maƙogwarona har la'asar, kuma na duba titin gaba da baya ban ga ƙarshen motocin ba.

Ɗan acaɓa ya kai ni ƙofar ofis. Maigadin, wani dattijo mai fara'a, ya ce ai yau ranar zagayensu ce, duk sun tafi wajen Malumfashi a mota ɗaya, sai yamma liƙis. Ta bayansa na hango sauran motocin a jere ƙarƙashin rumfa. Ya dube ni ya dubi jakata, ya tambaye ni da ladabi, Hajiya ba ki da lambarta ne? Lambarta tana cikin wayar, wayar tana cikin jakar, kusa da gwangwanin.

Na wuce gidan ɗiyata. Sai da ta ba ni ruwa da abinci sannan ta tambayi abin da ya fito da ni ba sanarwa. Na kwance ledar na tura mata gwangwanin. Ta leƙa, ta ja baya, sannan ta kama dariya har da riƙe ciki.

"Inna, tsutsa kika kawo Funtua ganin gari?"

Da ta ga ban yi dariya ba sai ta daina. Ta ɗauki wayata ta nemo lambar, ta danna, ta sa mini a kunne, ta tashi ta ba ni wuri.

Malama ta ɗauka, ina jin hayaniyar mata a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi gona, sai na ji bakina ya fara cewa lafiya lau. Na tsayar da shi. Na gaya mata komai: ramukan, dusar, tsutsar, da yadda nake gangarawa rafi duk Litinin. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce sati uku.

"Mama, me ya sa ba ki nuna mini ba?"

"Ba a saba nuna wa baƙo irin wannan wurin ba, Malama."

"Shekara biyu ina shan furarki, har yanzu baƙuwa ce ni?"

Ita ce ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ita ma 'yar Hausawa ce, ta san amsar ya gona, kuma ta ga mayafin Gwaggo a hoto, ya kamata ta gane hoton biki aka turo mata. Daɗin yabon ofis ne ya rufe mata ido. Sannan ta koma Malamar da na sani. Ta ce tsutsar nan da rana ɓuya take yi, sai da sassafe ake samunta. In fara daga lungun da ya fi muni, in buɗe zuciyar masara goma a kowace kusurwa, in ɗauki hoton abin da na gani ba gyara. Duk tsutsar da hannu ya kai gare ta a cire a kashe, a zuba toka da yashi kaɗan a cikin zuciyar. Ba ta ɓoye mini ba: masarar da aka cinye wa zuciya ba za ta yi goyo ba, ta kan tudu da wuya a samu komai, gara a tuge a sa wake tun da sauran damina. Ta wajen rafi ce za a iya ceta, in an yi a kwanakin nan.

Na tambaye ta ko za ta zo gobe. Ta ce motar ofis ba za ta fita don gari ɗaya ba. Amma in hotuna suka nuna abin ya kama gonakin matan duka, za ta kai wa manyanta su gani, ita kuma ta hau motar haya ta zo da maganin feshi, ta matsu a jikin ƙofa kamar kowa. Sai dai ba za ta iya shiga ofis da baki kawai ba, bayan hotunan da ta riga ta nuna musu.

Na dawo Maska kafin magariba, gwangwanin yana jakata, don ɗiyata ta ce ba za a bar mata baƙi a gida ba. Ban shiga ɗaki ba sai da na leƙa ta katanga na gaya wa Gwaggo yadda muka yi. Ta ce ita da furfurarta ba za ta nuna wa mutanen ofis gonarta ba wanka ba kwalli. Na ce mata tawa zan fara nunawa, in ta ga ban mutu ba sai ta yi shawara. Ta tambaye ni ko tata tsutsar ta kai tawa girma, wanda ya nuna mini ita ma ta daɗe da buɗe zuciyar masararta. Hadari ya haɗu a ranar ma, ya yi ta walƙiya ta wajen Funtua, bai zubo ba.

Da na idar da sallar asuba na kwashe tokar murhu a tsohon bokiti, na haɗa da yashi, na ɗaura zanen aiki. Raɓa ta jiƙa ni har gwiwa kafin in isa. Ban gangara rafi ba, na hau tudu, na shiga lungun da sati uku ke nan nake kauce masa. Na buɗe masarar farko, tsutsar tana ciki. Na ɗora ta a tafin hannuna na hagu, kusa da ganyen da ta mayar kamar rariya, na ɗauki hoton. Hoton bai fito ba, na sake. Na yi goma a nan, na yi goma a kowace kusurwa, ban cire ko ciyawa ɗaya ba. Ina cikin kusurwa ta ƙarshe na ji tari a bayana. Gwaggo ce da tsohon zanenta da ƙwaryar toka, ba mayafin biki. Ta ce in na gama da tawa in biyo, amma kada fuskarta ta fito.

Na gama tawa, na yi tata, muka ƙwanƙwasa wa mata biyu da ke kusa. Da rana ta ɗaga na hau tudun firamare, na tsaya har sabis ya kama, na tura hotunan ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashinsu na rubuta a hankali, harafi bayan harafi: Malama, ga gonar. Ban jira amsa ba. Na sa wayar a jaka, na ɗauki bokitin, na gangara wajen rafi na fara daga kunyar farko.